Telan da Ya Ɗinka wa Gem Riga

"Tunda aka kawo gem ɗin nan layinmu, ba a yi namijin da ya taɓa cinye ni ba. In yana nan ya miƙe tsaye, ina son in auna shi."

Tela ne ke wannan magana, yana tsaye a ƙofar shagon Mai Aski, igiyar awo rataye a wuya, tumbinsa ya riga shi shiga ciki. Abin da zai ba ka haushi kuma, ɗan'uwa, ba ƙarya ya yi ba. Babu wanda ya miƙe. Direba, wanda ake yi wa gyaran fuska a lokacin, ya so ya miƙe, amma reza na kan maƙogwaronsa.

Bari in warware maka, don kada ka tafi da tunanin wani gwani ne. Ni ba mai son ɓata mutum ba ne. Ko wuyan rigata da ya yanka kamar bakin buhu, a wuya mai tsari irin nawa, ban taɓa faɗa wa kowa ba in ban da waɗanda suka tambaya da waɗanda suka yi kama da za su tambaya.

Gem ɗin na Mai Aski ne. Wata baƙar na'ura ce mai kamar ƙaramin akwati, ya sayo ta don masu jiran aski su riƙa buga ƙwallo a talabijin maimakon su cika masa kunne da gardama. Da yake yana ji da ita kamar 'yar fari, sai ya sa ta a kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin, ya tura ta can ciki har ta manne da bango, ya rufe ƙofa don kada hannun kowa ya kai gare ta. Shago kuwa na aski ne. Na'urar tana da 'yar fanka a cikinta mai zuƙar iska, to duk gashin da kilifa ta watsar, rabonta na nan a ciki. Da an fara wasa sai ka ji ta fara nishi, can ta koma gurnani, can ta koma kamar jirgi zai tashi daga cikin kabad, sai ɗif. Talabijin ya yi baƙi. In aka buɗe kabad, zafi ya doki fuskarka kamar ka leƙa tanda.

Dokar shago kuma ita ce, wasan da alƙali bai busa tashi ba, ba a lissafa shi.

A kan wannan doka Tela ya kafa sarautarsa. Kowa in ya karɓi rimot, ƙungiya zai zaɓa ya shiga fili. Shi kuwa sai ya yada zango wajen zaɓen riguna.

"Wannan jan bai karɓi mai tsaron gida ba. Koma baya. A'a, dubi hannun rigar nan, wa ya ɗinka wannan? Ba zan shiga fili da yarana cikin wannan wulaƙanci ba."

Ya canja riga, ya canja wando, ya sauka kan safa, ya dawo kan riga. Kafin ya gamsu, na'ura ta fara nishi. A take wasa, a zura masa ɗaya, a zura biyu, ya tsayar da wasa ya ce zai yi canji. A zura na uku, ya tsayar ya ce yatsansa ya sage. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci, sai ɗif. Nan zai ajiye rimot cikin takaici, ya girgiza kai.

"Kash. Saura ƙiris in rama. Ka gode wa Allah, don yanzu na gano lagonka."

Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Saura Ƙiris. A gaban idonsa kuwa Injiniya yake so a ce, saboda ya taɓa canja wa keken ɗinkinsa bel da kansa.

To, ran nan, bayan ya gama cika bakin nan, suka zauna shi da Mai Aski. Bai ma gama da safa ba na'ura ta yi wani irin kuka, ta ɗauke, sai ga wari kamar an ƙona roba. Mai Aski ya durƙusa gaban kabad, ya jawo ta da tawul, ya riƙa fifita ta da kwali. Mutum ne mai sanyin hali, amma ranar idonsa ya kawo ruwa.

"Mai gyara ya gaya mini," in ji shi, "in ta ci gaba da sumewar nan, wata rana ba za ta farfaɗo ba. Zan naɗe ta in kai gida in ajiye. Gara in san tana raye ko da ba a taɓa ta."

Sai dariyar Tela.

"Mai gyara? Me wannan ya sani game da zafi? Ni da dutsen guga na girma. Da tofin yawu kaɗai nake sanin zafin da zai ƙona siliki da wanda zai kwantar da kaki. Zafi yarona ne, aikensa nake yi. Ba ni ita in tafi da ita. In na dawo maka da ita, sai ka nemi bargo ka rufa mata."

Direba, wanda yanzu maƙogwaronsa ya kuɓuta, ya juyo da kujera a hankali.

"Ashe mun huta, Injiniya. In ka warkar da ita, ranar hutu sai ku buga kai da Mai Aski har a busa tashi. Mu ma mu ga ramuwar nan da muke jira tun gashina yana baƙi."

"Har a busa tashi? Har a kashe fitilun filin ma."

"Jama'a kun ji?"

Jama'a suka ce sun ji.

Gidan Tela a layin yake, ɗakin ɗinkinsa ne a gaba, iyali a baya. Ya fito rungume da na'ura yana taku kamar likitan da aka yi wa kiran gaggawa. Bai kai tsakiyar layi ba hankalinsa ya cim ma bakinsa. Ya tsaya cak a gaban famfo.

In ya warkar da ita, za a buga wasa har ƙarshe, kuma shi ya fi kowa sanin abin da ke ƙarshen nan. In ya mayar da ita yadda take, Injiniya ya mutu. In kuwa ta mace a hannunsa, gara ya kwashe kekensa ya bar layin. Ya dubi na'ura, na'ura ta dube shi. Duk tsawon lokacin nan ita ce aminiyarsa, ita ce ke rufa masa asiri, yau ga shi da bakinsa ya yi alkawarin raba ta da ciwon da yake ci da shi.

Amma kada ka raina Saura Ƙiris. Kafin ya kai ƙofar gida dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai. Riga zai ɗinka mata. Riga mai kauri, yadin labule a waje, soso a tsakiya, shafi a ciki. Zai gaya musu fasahar fulas ce: yadda fulas ke hana zafi shiga wajen ruwan sanyi, haka rigar za ta hana zafin gari isa ga na'ura. Wa zai yi musu da fulas? Ita kuwa baiwar Allah za ta yi ta dahuwa a ciki, ta sume a kan lokacinta, shi kuma ya ce an samu sauƙi, sai dai ciwon da ya daɗe a jiki ba ya fita rana ɗaya.

Ya ɗora ta kan teburin yanka, ya shafa mata baya.

"Ba mutuwa nake so ki yi ba," ya raɗa mata. "Suma kawai, kamar yadda muka saba."

Ya ɗauko farin shafi, ya naɗa mata don ya ga yadda zai zauna. Da ya ware, sai ga shafi ya yi baƙi ƙirin. Ya juya ta, ya duba 'yan ramukan da ke bayanta da gefenta. Babu rami ko ɗaya da ake gani. Duk sun toshe da wani abu mai kamar tsohon bargo.

A nan ne, ɗan'uwa, aka fara samun matsala. Tela yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba: ɗinkinsa ba ya hawa jiki mai datti. Ya taɓa mayar da wani attajiri gida ya je ya yi wanka kafin a gwada masa riga. To, ina ga akwati? Bai ma tsaya tunani ba. Ya jawo ɗan burushin da yake share kekensa da shi, ya ɗauko hantsakin zare, ya gyara zaman tabarau, ya duƙufa. Ya share, ya tsinto, ya hura. Ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsefe kan amarya. Abin da ya fito kuwa sai wanda ya gani. Gashin layin nan kaf yana ciki. Har ya riƙa gane masu shi.

"Wannan furfurar Direba ce. Wannan mai taurin na Mai Kanti ne. Wannan kuma," ya ɗaga wani sili ya duba a hasken taga, "nawa ne, lokacin da nake da shi."

Uwargida ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta ga dunƙule a kan tebur, ta ja da baya.

"Baban yara, ɓera ka kashe a kan yadin mutane?"

"Aikin injiniya ne, ba za ki gane ba."

"To, injiniya, a fitar da shi waje kafin ya fara wari."

Ya goge na'ura da ƙyalle mai laushi har tana ɗaukar ido, ya hura ta gefe ɗaya ya ji iska ta fito ta ɗaya gefen, ya ji daɗi a ransa.

"Yanzu kika zama mutum," in ji shi.

Wawan bai san ya gama rabin maganin ba.

Ya yanka, ya ɗinka, keke na ta ƙara har ya wuce lokacin cin abinci. Washegari riga ta kammala. Ya zura mata, ya ja zif. Babu ta inda iska za ta shiga, ko ta roƙa. Ya ja baya ya harɗe hannu, ya ƙwala wa Uwargida kira don ta zo ta yaba.

Ta zo, ta zagaya tebur, ta sa yatsa ta danna rigar, yatsan ya nutse.

"Matashin kai ne?"

"Riga ce."

"Au. Na ɗauka katifa ka yi wa kyanwa." Ta ƙara dannawa. "Ba laifi. In an tambaye ni zan ce ɗan koyo ne ya yi, ba ka nan."

"Wane ɗan koyo? Dubi layin ɗinkin nan, kamar an ja da rula."

"Layi kam ya miƙe. Kumburin ne dai. Ka ga rigar firij ɗin da telan ƙarshen layi ya yi wa matar Mai Kanti? Leshi ce, ta zauna ɗas. Mata har sallama suke yi su shiga kallo. Amma kowa da irin baiwarsa, Baban yara, kada ka sa wa ranka damuwa."

Ta fita abinta tana 'yar waƙa.

Ka ambaci mutuwa a gaban Tela, zai ce Allah ya sa mu cika da kyau. Amma ka ambaci telan ƙarshen layi, ka taɓo inda ba a taɓawa. Ya tsaya yana kallon rigar. Gaskiya ta kumbura. Ya ce bari ya rage soso kaɗan. Ya farke, ya rage, ya mayar. Sai ta yi tattara. Ya zare soson gaba ɗaya. Sai yadin labule ya saki jiki kamar wandon aro. Ya buɗe buhun ragowar yadi, hannunsa ya faɗa kan wata farar leshi mai manyan huji, irin wadda za ka zura babban yatsa ta ciki. Ya ce a baya kawai zai sa, don ado. Da ya sa a baya, sai gaba ya zama kamar ba uwarsu ɗaya ba. Ya sa a gaba. Gefe da gefe suka yi ƙorafi, ya sa musu. Saman ma ya bar shi a buɗe kamar wuyan riga, ya zagaye shi da aikin zare mai ruwan zinariya, ya yi mata fure a baya wanda ko shi da ya yi sai da ya ce madalla.

Ya sake kiran Uwargida.

"Yanzu ka yi magana," in ji ta. "Sai dai bakin rigar yana jan ƙasa. Duk aikin da ka yi a ƙasan ya naɗe, ba a gani."

Ya duba. Haka ne. Ya kwaso kwarkwaron zare huɗu da suka ƙare, ya manna mata a ƙasa suka zama ƙafafu. Na'ura ta ɗaga sama, bakin leshi ya sauko yana lilo, iska na wucewa ta ƙarƙashi.

Sai da ya zauna yana shan ruwa, yana kallon labulen taga na kaɗawa leshi na amsawa, sannan ya farga. Ina soso? Ina fulas? Wannan rigar ko sauro ba za ta hana shiga ba. Ya miƙa hannu zai cire ta ya mayar da ta farko, hannun ya tsaya a kan furen nan. A ce telan ƙarshen layi ya ji labarin ya kai matashin kai shagon aski? Ya janye hannu.

"Ba komai," ya gaya wa kansa. "Kabad na nan. Kabad bai taɓa ba ni kunya ba."

Ranar hutu shagon Mai Aski ya cika har ƙofa. Waɗanda aka yi wa aski jiya ma sun dawo wai a ɗan taɓa musu gefe. Tela ya shigo da na'ura lulluɓe da zane, ya ajiye, ya yi gyaran murya, ya yaye.

Shago ya ɗauki salati.

"Wannan ai amarya ce," in ji Mai Kanti.

"Injiniya, me hujin nan ke yi?" wani ya tambaya.

"Tace zafi yake," in ji Tela, ko ƙifta ido bai yi ba. "Zafi yana da kauri, sanyi siriri ne. Siririn ya wuce, mai kaurin ya maƙale a waje. Lissafi ne, ba zan iya buɗe muku duka ba."

Aka gyaɗa kai. Shi kuwa ya sunkuya da sauri, ya buɗe kabad, ya tura ta. Ta ƙi shiga. Ya karkata ta, ta ƙi. Ƙafafun nan huɗu sun ƙara mata tsawo, saman kabad ya tokare ta.

"Bari in cire ƙafafun," in ji shi.

"Ka cire, bakin rigar ya ja ƙasa?" in ji Direba. "Kuma ma tsaya. Wannan aikin za ka kai cikin duhu? Haba, Injiniya. Telan ƙarshen layi da ya yi rigar firij, a tsakiyar falo aka ajiye ta. Kai naka a kabad, kamar abin kunya?"

Tela ya ɗago daga gaban kabad. Ya ji kalmar nan, ƙarshen layi, ta zauna masa a ƙirji.

"Wa ya ce kabad zan sa ta? Gwada muku nake ku ga ta fi ƙarfinsa."

Aka share saman kantar shago kusa da taga, aka kawar da kwalaben man gashi, aka ɗora ta daidai ƙarƙashin fankar sama. Mai Kanti ya ce furen baya ba ya fitowa, a jawo ta gaba ta rabu da bango don a riƙa ganinsa ta madubi. Tela da hannunsa ya jawo ta. Yana jawowa yana ji kamar kabarinsa yake gyarawa, amma furen ya fito a madubi, kuma gaskiya ya yi kyau.

Aka haɗa wayoyi, aka kunna. Mai Aski ya zaɓi ƙungiyarsa nan take. Tela ya shiga wajen riguna, ya baje kolinsa. Ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya gwada kowace riga da kowane wando. Ya soki ɗinkin ƙungiyoyin da ba ma su za su buga ba. Yana magana, kunnensa ɗaya na kan kanta. Shiru. Ko tari ba ta yi ba.

"Injiniya," in ji Direba, "yaran nan naka tun ɗazu suke tsirara a ɗakin canji. Ka bar su su fito."

Aka take wasa. Kafin Tela ya gano wane ne nasa mai riƙe da ƙwallo, ta shiga raga. Ya ce wannan gaisuwa ce. Ta biyu ta shiga, ya ce yana karantar salon abokin gaba. Ta uku, mai tsaron gidansa ya fito yawo tsakiyar fili, don Tela ya danna abin da bai san aikinsa ba. Ya tsayar da wasa, ya yi canji. Ya ƙara tsayarwa, ya ƙara canji. Ya canja har na'ura ta nuna masa babu sauran mutum a benci.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya miƙe.

"Bari in duba majiyyaciya."

Ya je ya ɗora tafin hannu a kanta, kamar mai addu'a. Ɗumi kaɗan, irin na jaririn da ya ƙoshi ya yi barci. Ya kai kunne. Wani siririn sauti take yi, mai daɗi, kamar tana yi masa dariya ƙasa-ƙasa.

"Ke," ya ce a hankali, "lokaci fa ya yi."

Ta ci gaba da abinta.

Ya waiga, ya ga hankalin mutane na kan talabijin, ya cire hularsa ya kifa mata a baya, daidai inda iska ke fita. Bai kai ga kujerarsa ba Mai Kanti ya ɗauke ta ya miƙo masa.

"Ka manta hularka, ta rufe mana furen."

Aka dawo fili. Ta huɗu ta shiga tun bai gyara zama ba.

"A kashe fankar nan," in ji Tela. "Mura nake ji."

Mai Aski ya dube shi. Gumi na bin sanƙonsa, yana gangarowa ta bayan kunne, ya jiƙa igiyar awo.

"Mura, Yaya Tela? Da wannan gumin?"

"Irin tawa ke nan. Ta ciki ce."

"To a bar fankar, kada ta fito waje," in ji Direba.

Daga nan, ɗan'uwa, abin ya wuce wasa ya koma rabon kaya. Tela bai taɓa zuwa wannan yanki na wasa ba, bai san ma akwai shi ba. Yaransa, cikin rigunansu da suka fi na kowa dacewa, sai zagaya fili suke kamar masu neman makullin da ya faɗi. Ɗaya daga cikinsu ya samu ƙwallo sau ɗaya, ya juya cikin natsuwa ya zura ta a ragar gidansu. Mai Aski, mai tausayi, ya fara buga ƙwallo waje da gangan, ita kuwa ta riƙa dukan 'yan bayan Tela tana komawa ciki. Kowace ta shiga, Tela ya saci kallon kanta. Amarya na zaune cikin leshinta, bakin riga na kaɗawa, ko a jikinta.

Sai aka ji wani sauti da ba a taɓa ji a shagon nan ba. Alƙali ya busa, ya ƙara, ya ja na ƙarshe da tsawo. Kiɗa ya tashi. Mutanen cikin talabijin suka rungume juna, wasu suka zube a ciyawa. 'Yan shago suka tsaya baki buɗe, don babu wanda ya san gem ɗin yana da wannan wajen. A saman allo kuwa an rubuta da manyan lambobi, yadda ko na bakin ƙofa zai karanta: tara da nema.

Tela ya zauna riƙe da rimot.

Mai Aski ya ajiye nasa, ya je ya taɓa na'ura, ya dawo ya rungume Tela da hannu biyu. Shi har ga Allah godiya yake yi.

"Yaya Tela, ban san da wane baki zan gode maka ba. Ka ƙara mata shekaru. Yadda take ɗin nan, jikokinmu ma sai sun buga. Daga yau kujerar nan taka ce. Kullum in na rufe aski, ni da kai, har ƙarshe."

"Kullum?" in ji Tela. Muryar kamar ba tasa ba.

"Kullum. Ai yanzu ba abin da zai katse mu."

Direba ya taso a hankali. Ya ɗora bayan hannunsa a kan na'ura, ya gyaɗa kai. Ya zo ya ɗora shi a goshin Tela, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Waccan kam ta warke," in ji shi. "Mai Aski, miƙo burushi. Ku kuma ku kama mini wannan mu ɗora shi kan kanta, ku jawo shi ya rabu da bango."